Gawa a Rami na Bakwai

Da hantsi ma'aikata suka tarar da gawar Guduma kwance rub da ciki a rami na bakwai, can saman tudun da kamfani yake neman zinari. Kafin a aiko kirana rabin gari ya riga ya hau ya sauko. Kowa ya je ya gane wa idonsa, kowa kuma ya tattake mini abin da zan duba.

Bin sawu ne sana'ata. Na yi shekara talatin da 'yan kai ina bin shanun sata da ɓarayinsu, har gwiwa ta fara ba ni shawarar in nemi wuri in zauna. Sufeton 'yan sandan garinmu yakan tuna da ni idan abu ya faru a daji, inda babu mai ba da shaida sai ƙasa. Na same shi tsaye a bakin ramin, ya harɗe hannuwa a baya.

"Baba, ka ga aikin da aka yi," in ji shi. "An fasa masa ƙeya."

Ramin ba wani zurfi gare shi ba, iyakarsa ƙirjin mutum. Dogo ne dai, an yanka shi a gicciye kan wata farar jijiyar dutse da ta ratsa tudun daga gabas zuwa yamma. A cikin jijiyar nan ake sa ran zinari da azurfa. Aikin marigayin shi ne ya shiga da guduma da ƙarfen sara, ya sassaro dutsen taku-taku, ya zuba na kowane taku a buhunsa, ya sa lamba. A nan ya samo sunan. Shekara biyu yana wannan aiki, ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. Ubansa abokina ne, a hannuna aka yi masa askin farko.

Na sauka na tsuguna kusa da shi. Jinin da ke ƙasa bai kai na yankan kaza ba, alhali raunin babba ne. Ƙasan takalminsa kuma fes, babu jar laka ko kaɗan. Ga shi jiya da asuba, ranar hutun ma'aikata, an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, duk wanda ya hau tudun bayan ruwan sai ya kwaso laka har idon sawu.

"Ba da ƙafarsa ya zo nan ba," na ce. "Kawo shi aka yi."

"To ai magana ta fito," in ji Sufeto. "A rafi suka kashe shi suka ɗauko shi."

Masu wankin zinari na bakin rafi yake nufi. Kafin zuwan kamfani su ke haƙa a tudun da hannu. Da aka kore su sai suka koma wanke yashi a tasa. Babbansu wani siririn mutum ne da ake kira Na-Rafi, kuma kowa ya ji ranar da ya ce wa Guduma a bainar jama'a, "Tudun nan da kuka ƙwace sai ya ci ɗayanku."

A gindin tudu na tarar da samari sun taru da sanduna da galan na fetur, za su je su cinna wa bukkokin rafi wuta. Wanda ya tare su shi ne yayan mamacin, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda yake riƙe da makullin ɗakin ajiyar kamfani, ake ce masa Mai Sito. Idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Ni aka yi wa mutuwa, ba ku ba," ya ce musu. "Don girman Allah ku koma gida. Wataƙila ma faɗuwa ya yi."

"Faɗuwa a ramin da bai kai wuya ba?" wani ya ce daga baya.

Sun watse dai, amma sai da suka ce sun ba hukuma kwana biyu. Mutane suka yi ta yaba haƙurin Mai Sito. Ni ma na yaba.

* * *

Tunda bakin ramin ya lalace, sai na ja baya na zaga tudun daga nesa, in ga abin da ya shigo da abin da ya fita. Hadari yana ta haɗuwa yana watsewa, ni kuma ina roƙon Allah ya riƙe ruwan.

Ta gefen rafi na sami sawun mutum ɗaya, silifas na roba, na hagu an ɗinke shi da waya. Ya hau a hankali, ya sauko da gudu. Ta bayan tudu kuma, a 'yar siririyar hanyar da ta gangara sansanin kamfani, na ga an bi da reshen ganye an share ƙasa. Mai sharar kuwa, sawun kansa kawai ya bi ya goge, ya kuma goge shi tsaf. Akwai sawun jaki a gefe, ban ko tsaya a kansa ba. Jakin da ke sauko da buhunan samfur, wato dutsen da ake kai wa gwaji, kullum ta nan yake bi. Sawun jaki a hanyar jaki, me zai gaya maka?

Silifas ɗin na Na-Rafi ne. Sufeto ya riga ya kulle shi, wai don kada a raba shi da ransa kafin a yi bincike. Na same shi zaune a siminti ya haɗa kai da gwiwa.

"Ka hau tudu jiya," na ce.

"Ban hau ba."

"Ka hau bayan la'asar. Wayar takalminka ta rubuta sunanka a laka ya fi sau ɗari."

Ya daɗe yana kallon ƙafarsa.

"Na hau, Baba. Ranar hutu ba kowa, nakan je in tsinci ɓarɓashin dutsen da suka bari. Na leƙa ramin na gan shi. Na taɓa hannunsa na ji ya sandare. Wa zai yarda da ni, ni da bakina ya riga ya yanka mini wuya? Sai na ranta a na kare."

Da muka fito na ce wa Sufeto wanda ya ɗauko gawa ba ya taka ƙasa sama-sama haka.

"Yana da mutane," in ji shi.

"Da na ga sawunsu. Mutum biyu ɗauke da gawa sai sun yi ta tuntuɓe suna ajiyewa. Babu wannan a duk faɗin tudun."

"To tashi gawar ta yi sama ta sauka a ramin?"

Na bar shi tsaye a wurin na wuce.

* * *

Da yamma, bayan an kai Guduma makwancinsa, na shiga gidansa gaisuwa. A ƙofar gida Mai Sito yana zaune kan tabarma yana amsa ta'aziyya, an ajiye masa kwano ko buɗewa bai yi ba. A tsakar gida matar marigayin ta zauna jikin bango, ƙaramar 'yarsu tana barci a cinyarta. Takalmin aikinsa na biyu yana nan a bakin ƙofar ɗaki.

"'Yata, yaushe ya fita?" na tambaye ta.

"Jiya da hantsi, bayan ruwa ya ɗauke. Ko karyawa bai yi ba. Na ce masa yau fa hutu ne, ya ce zai leƙa sansani ya dawo."

"Wurin wa?"

"Bai faɗa ba. Tun shekaranjiya da ya dawo daga aiki ba shi da sukuni. An ce sun yi cacar baki da Malama, shugabarsu a wurin aiki, har waje ana jin muryarsu." Ta gyara wa yarinyar kwanciya. "Na matsa masa da tambaya, sai ya ce mini, idan ya yi shiru ya ci amana, idan ya yi magana ya kashe gari. Na ce wace irin magana ce wannan? Ya ce in bar shi."

"Ba shi da abokin gaba?"

"Baba, mutumin da ko akuya ta ci masa shuka sai ya ba mai ita haƙuri?"

* * *

Malama ita ce masaniyar duwatsun da kamfani ya damƙa wa aikin. Washegari da safe na same ta a ofishinta, wani ɗakin kwano mai cike da taswirori da guntayen duwatsu masu lamba a kan kanta. Idonta ya nuna ba ta yi barci ba.

"An ce kun yi faɗa da marigayi," na ce.

"Ba faɗa ba ne, Baba. Tsoro ne ya sa muryarmu ta tashi."

Ta ja mini kujera ta yi mini bayani dalla-dalla. Shekarar farko sakamakon gwaji bai yi daɗi ba. Jijiyar tana da 'yar azurfa, zinarin kuwa sai dai a ce akwai don kada a yi ƙarya. Kamfani ya aiko cewa idan ramuka uku na gaba ba su nuna komai ba, za a naɗe tabarma. Kwatsam sai rami na biyar da na shida da na bakwai suka zo da zinari mai yawa. Aka yi murna, aka ƙara ɗaukar mutum arba'in, aka fara maganar kawo babban injin da zai huda tudun har can ƙasa.

"Amma muna da wata dabara," ta ce. "A cikin kowane buhu ashirin mukan cusa guda na wofi, wato dutsen da muka tabbata ba komai a cikinsa. Mukan sa masa lamba kamar sauran, don mu gwada masu gwajin su ma. Ni da marigayi kaɗai muka san lambobin. Sakamakon da ya zo makon jiya, har buhunan wofi sun haifi zinari."

"Ke nan wani yake zuba musu."

"Wani wanda bai san na wofi ba."

Ta jawo wasu ƙananan faranti biyu, ta miƙo mini ɗan gilashi mai ƙara girman abu. A farantin farko akwai abin da ta samu da ta daka dutsen jijiyar da hannunta ta wanke: 'yan ƙwayoyi uku, fari-fari saboda azurfar da ke haɗe da su, masu kaifin baki kamar karyayyar ƙaya. A na biyu akwai abin da ta wanko daga ragowar wani buhun da aka dawo mata da shi daga gwaji. Rawaya ne sosai, kowace ƙwaya a mulmule.

"Wannan ya yi tafiya," na ce. "Ruwa ya daɗe yana mirgina shi."

Ta dube ni. "Ni sai da na yi shekara biyar a makaranta kafin in iya faɗin haka. Zinarin rafi ne, Baba."

"Me marigayi ya ce da kika gaya masa?"

"Ya ce dama shi da yake sarar dutsen ya san bai kai abin da takarda take faɗa ba. Na ce zan rubuta wa kamfani a ranar. Ya roƙe ni in ba shi zuwa bayan hutu, wai yana jin ya san hannun."

"Ke ina kike ranar hutun?"

"A ɗakina, ina rubuta wasiƙar ina yagawa. Ba ni da shaida."

Na tambaye ta hanyar da buhu yake bi. Ta ce daga rami sai bayan jaki, daga jaki sai sito, inda ake auna shi a ɗinke, ya kwana biyu ko uku. Daga nan direba ya kwashe zuwa ɗakin gwaji a birni, tafiyar yini biyu, shi kaɗai a mota.

* * *

Direban wani ƙaton mutum ne mai yawan dariya, amma ranar dariyar ta gudu. Ya ce ranar hutu yana gidan surukansa. Na zaga motar na dubi tayoyin, na ciro ɓawon itace daga bayanta na nuna masa.

"Surukan naka a daji suke zaune?"

Ya yi ta rantse-rantse, daga baya ya amsa cewa itacen girki ya yi wa masu gidan burodi jigila da motar kamfani, tun safe har magariba. Sufeto ya aika aka tambayo, mutum shida suka shaida. Ƙaryarsa ta tsoron kora ce, ba ta jini ba.

Na koma wurin Na-Rafi.

"Wa ya sayi zinari da yawa a hannunka cikin wata ukun nan?"

"Duk wanda ya zo nake sayar wa."

"Gobe wa'adin samarin nan zai cika. Matanku da 'ya'yanku suna cikin bukkokin."

Ya juya fuska ga bango. "Baba, akwai bakin da in na buɗe shi, gara a bar ni a nan ɗin."

Na fito. Azahar ta wuce, sama ta yi baƙi ƙirin ta gabas. Na bi ta bayan sito don in yanke hanya, sai na tarar da tsohon da ke da jakin kamfani tsaye a turke, yana shafa wa dabbarsa mai a baya yana ta mita.

"Dubi aikin marasa tsoron Allah," ya ce da ni. "Ana gobe hutu na bar shi lafiya na tafi asibiti duba 'yata. Yau na dawo na tarar da bayansa a ƙuje. Wani ya ɗora masa kaya mai nauyi bai shimfiɗa masa akumari a baya ba."

"Ranar hutu?"

"To yaushe? Jiya ai ba a yi aiki ba saboda rasuwa."

"Wa zai iya ɗora masa kaya in ba ka nan?"

Tsohon ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wannan? Ai ko ni sai na yi masa magana mai daɗi. Ban da ni mutum ɗaya kawai yake yarda da shi, wanda nake bar wa dusarsa in zan yi tafiya."

Ya faɗi ko wane ne.

Ban san ina da sauran gudu a ƙafata ba sai ranar. Na aika tsohon ya kira Sufeto, ni kuma na kama hanyar bayan tudu. Na durƙusa kan sawun da na raina jiya. Layi biyu ne, na hawa da na saukowa, duka bayan ruwan asubar hutu, don bakinsu da kaifi. Na hawa ya nutse a laka kusan gaɓar yatsa biyu, takun gajere, kofaton baya ba ya kai wa inda na gaba ya taka. Na saukowa kuwa sama-sama, takun a buɗe. Ba inda ya turje, ba inda aka ja shi da ƙarfi.

Sufeto ya iso yana haki, daidai lokacin da ɗigon farko ya faɗo.

"Duba da kyau, yanzu za a goge," na ce. "Jakin nan kullum wofi yake hawa, da duwatsu yake saukowa. Ranar hutu da kaya ya hau, wofi ya sauko."

Ya tsuguna ya sa yatsa a wannan, ya sa a wancan. Ya ɗago ya dubi inda hanyar ta nufa, har ƙofar bayan sito. Muna tsaye a wurin ruwa ya tsuge, muka ga sawun yana narkewa ɗaya bayan ɗaya.

* * *

A rumfar gaban sito Sufeto ya tara su: Malama, da direba, da Na-Rafi da ankwa a hannu, da Mai Sito da aka ɗauko daga zaman makoki. Ruwa yana dukan kwano har sai an ɗaga murya. Ma'aikata sun cika bakin rumfar, sun jiƙe sharkaf amma ba wanda ya tafi. Tsoho ya jawo jakinsa ya tsayar a tsakiya.

Na gaya musu abin da na sani. Wani yana zuba zinarin rafi a buhunan samfur. Guduma ya gane, ya zo sansani ranar hutu. Ba a tudu ya mutu ba, a bayan jakin nan aka hau da shi. Da na zo kan maganar zinarin sai na ga fuskokin mutum arba'in sun sauya lokaci guda.

"Yanzu ina son kowannenku ya ɗora masa mangala," na ce.

Direba ya fara. Bai kai ga taɓa shi ba jakin ya juya masa baya ya sakar masa harbi, da ƙyar ya tsira da gwiwarsa. Malama ta matso, jakin ya kwantar da kunne ya ja da baya har igiya ta miƙe. Na-Rafi ya miƙa hannu, saura kaɗan ya bar yatsunsa a bakinsa.

Mai Sito bai motsa daga kan bencin da yake zaune ba. Jakin da kansa ya tako, ya miƙa wuya yana shinshina tafin hannunsa.

"Ba sai na tashi ba, Baba," ya ce.

Ya dubi Na-Rafi. "Na warware maka rantsuwar da na sa ka yi. Ku cire masa ƙarfen nan, ni ne nake sayen zinarinsa."

Sufeto ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa hannu.

"Ina wurin Malama take karanta saƙon cewa za a rufe," in ji Mai Sito. Yana magana yana kallon ƙasa. "Kun san yadda garin nan yake kafin kamfani. Samari duk sun gudu, gidaje sai tsofaffi. Kullum kuma Malama tana cewa irin wannan jijiya wani lokaci arzikinta yana can ƙasa. Sai na ce in dai na riƙe su har injin ya zo, gaskiya za ta cim ma ƙaryata. Gonata na sayar na sayi zinarin. Ko ƙwaya ɗaya ban ci ba. Ina farke ɗinki in barbaɗa kaɗan-kaɗan in mayar."

"Ranar hutu fa?" na ce.

"Ya shigo ya same ni da buhu a buɗe, kwalbar tana hannuna. Ya ce, 'Yaya, sunana ne a kan kowane buhun nan.' Na ce ya yi shiru na wata biyu kawai. Na roƙe shi, har durƙusawa na yi. Ya ce ba zai iya ba, ya kama kwalbar. Muka yi ta ja. Na ture shi." Ya nuna ƙofar sito da haɓa. "Sikelin ƙarfen da nake auna buhuna yana bayansa. Ya buɗe baki zai kira ni, bai ƙarasa ba."

Ruwa kawai ake ji.

"Na zauna da shi har azahar, kansa a cinyata. Daga baya na ce in kai shi wurin aikinsa, a ce faɗuwa ya yi, kada a zargi kowa. Na wanke ɗakin, na share sawuna. Ban tuna da na jaki ba." Ya ɗago ya dube ni. "Da aka ce kai aka kira, na san kwana nawa ya rage mini. Wallahi har na ji sauƙi."

Sufeto ya cire ankwar daga hannun Na-Rafi. Ya tsaya da ita a hannu kamar bai san inda zai kai ta ba, sai Mai Sito ya miƙo nasa hannuwan.

* * *

Malama ta aika wasiƙarta a ranar. Ta sake sarar ramukan uku da hannunta, ta raka buhunan har birni. Sakamakon ya dawo kamar na shekarar farko. Kafin damina ta ƙare an kwashe kwanon rufin sansani, an cike ramukan da ƙasa. Samari suka fara bin motar safe ɗaya bayan ɗaya. Akwai waɗanda har yau ba sa amsa gaisuwata. Wani ya taɓa ce mini a fuska, da na bar abin a kan Na-Rafi, da yanzu injin yana aiki.

Amma ba wannan ne ya fi tsaya mini a rai ba. Yammacin ranar da aka tafi da Mai Sito, ba wanda ya yarda ya je ya gaya wa mahaifiyarsu. Ni na je, tunda ni na jawo.

Tsohuwa ce, idonta ya daɗe da rufewa. Na same ta a ɗakinta zaune bakin gado, ta juya fuska wajen ƙofa. Ban gama sallama ba ta ce, "Abokin babansu ne. Shigo, ga tabarma nan ta hannun dama."

Na zauna. Na yi mata sannu da haƙuri, na rasa ta inda zan fara.

"Ka samo shi," ta ce.

"Na samo shi."

"Sun tafi da shi?"

Na ɗago na dube ta. Fuskarta ba ta motsa ba.

"Wa ya riga ni zuwa?"

"Ba kowa. Kai da ido kake bin sawu, ni da kunne. Shekara arba'in da takwas ina jin takun yaron nan. Ranar hutu da yamma ya shigo gaishe ni, na ji yana taka ƙasa kamar mai tsoron kada ta ji zafi. Bai zauna inda ya saba zama ba. Na tambaye shi ƙaninsa, ya ce bai gan shi ba, sai na ji ya haɗiyi miyau. Da safe da aka zo da labari ban yi mamaki ba."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa wa wa? In ce me? Biyu gare ni."

Ta lalubo gefen zanenta ta goge ido, duk da ban ga hawaye ba.

"Da aka ce kai aka kira, kwana biyu na yi ina roƙon Allah ya sa tsufa ya ci idonka kamar yadda ya ci nawa. Ka yafe mini wannan."

Na ce ba komai. Na ce ni ne mai neman yafiya.

"A'a, aikinka ka yi. Shi ma ƙaramin aikinsa ya yi." Sai ta tambaye ni, "Inda suka kai shi akwai sanyi?"

"Siminti ne."

Ta miƙa hannu bayanta ta jawo bargon da take rufa da shi, ta ninke shi a kan cinyarta a hankali, gefe ya haɗu da gefe, ta miƙo shi saitin inda take jin numfashina.

"Kai ka san hanya. Ka kai masa kafin duhu."

Na karɓa na fita. Ruwan bai ɗauke ba, na cusa bargon a cikin rigata don kada ya jiƙe.